Ƙarya Fure Take: Masanan Jamus Da Tatsuniyar "Mun Ƙi Yi Wa Hitila Bom"

Jama'a, akwai wata tatsuniya da ake yi wa duniya tun 1945, har yau ta ƙi mutuwa. Wai manyan masanan kimiyya na Jamus a zamanin Hitila sun san sirrin haɗa bom ɗin nukiliya sarai, amma saboda tausayin bil'adama suka haɗa baki a asirce, suka riƙa jan ƙafa, suka hana azzalumin wannan mugun makami. Wai su da ke ƙarƙashin mulkin kama-karya zaman lafiya suka yi wa aiki, takwarorinsu na Amurka kuwa, masu taƙama da dimokuraɗiyya, su ne suka rufe ido suka ƙera abin da ya ƙone Hiroshima da Nagasaki. Labari ne mai daɗin ji, musamman ga mai jin haushin Amurka, kuma masu jin haushinta ba su ƙirguwa. Ni ma ba lauyanta ba ne. To amma jin haushin wani ba ya halatta mana haɗiye ƙaryar wani.

Na ce ƙarya ce, kuma ƙarya mai takardar haihuwa. An san daren da aka haife ta: 6 ga Agusta, 1945. An san gidan: Farm Hall, wani tsohon gida kusa da Kambirij a Ingila. An san ma ungozomar da ta karɓi haihuwar: Carl Friedrich von Weizsäcker. Abin da ya sa na kawo maganar nan gaban masu karatu da marubuta shi ne, alƙalamin marubuci ne ya yi wa wannan ƙarya ƙafafu har ta zaga duniya. Za mu zo nan. Bari mu fara daga tushe.

A 1934 wani Ba'italiye, Enrico Fermi, ya fara harba ƙananan ƙwayoyin da ake kira nitiron a kan yuraniyam, wato irin ma'adinin da aka fara haƙowa a Arlit ta Nijar a 1971. Ya ga abubuwan da bai gane ba, ya ɗauka sababbin sinadarai ne masu nauyi suke fitowa. A shekarar nan wata Bajamushiya masaniyar sinadarai, Ida Noddack, ta rubuta cewa mai yiwuwa cibiyar ƙwayar zarrar ce ke fashewa gida-gida. Ba wanda ya kula ta. A Barlin kuma, Lise Meitner, shugabar sashen fiziks a Cibiyar Kaiser Wilhelm ta nazarin sinadarai, ita ce ta jawo tsohon abokin aikinta Otto Hahn ta ce su bi diddigin abin da Fermi ya gani. Daga baya matashi Fritz Strassmann ya shigo, suka zama uku.

Wace ce Meitner? 'Yar Ostiriya ce, an haife ta a Biyana a 1878, iyayenta Yahudawa. Ta zo Barlin a 1907, lokacin da ba a yarda mace ta taka ɗakunan gwaji na cibiyar da Hahn ke aiki ba, sai aka ba su wani tsohon ɗakin kafintoci a ƙasan bene, da ƙofarsa daban. Shekaru ta yi ba albashi. Da ita da Hahn suka gano sinadarin furotaktiniyam wajajen 1918, kuma a 1926 ta zama mace ta farko da aka naɗa farfesar fiziks a Jamus. Da Hitila ya hau mulki a 1933 aka ƙwace mata izinin koyarwa a jami'a, amma fasfonta na Ostiriya ya kare ta. A Maris 1938 Hitila ya haɗiye Ostiriya, garkuwar ta faɗi. Wani ɗan Nazi a cibiyar ya fara tsegumi cewa Bayahudiyar nan za ta jawo musu bala'i. Me Hahn ya yi, abokin aikin shekara 30? Ya je ya yi shawara da masu riƙe da kuɗin cibiyar, ya dawo ya ce mata kada ta ƙara zuwa aiki. Gaskiya ne daga baya ya taimaka mata haɗa kaya, har ya ba ta zoben lu'ulu'u na mahaifiyarsa ko za ta buƙaci sayen hanya. A 13 ga Yuli, 1938, wani masani ɗan Holan, Dirk Coster, ya tsallakar da ita kan iyaka a jirgin ƙasa, da 'yan kaya kaɗan da maka 10 a jaka. Tana da shekara 59. Ta ƙare a Sitokhom ta Suwidin, ba kayan aiki, ba mataimaka.

Amma aikin bai yanke ba, wasiƙu na kai da komo. A Nuwamba 1938 ta haɗu da Hahn a asirce a Kwafanhegan, ta nuna masa cewa sakamakon da suke samu bai yi daidai da ƙa'idar fiziks ba, a sake gwaji. Da suka sake a Disamba, sai ga bariyam, sinadarin da nauyinsa bai wuce rabin na yuraniyam da kaɗan ba. Hahn ya ruɗe. A 19 ga Disamba ya rubuta mata yana roƙon ta samo wa abin bayani. Lokacin hutun Kirsimeti, a wani ƙauye mai suna Kungälv, ita da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch suka zauna suka warware: cibiyar yuraniyam mai lamba 92 ce ke rabewa biyu, bariyam mai 56 da kirifton mai 36, kuma ɗan nauyin da ke ɓacewa a tsakani shi ke zama kuzari bisa lissafin Einstein, kuzarin da ya ninka na ƙonewar ƙwayar gawayi sau miliyoyi. Takardar Hahn da Strassmann ta fito a 6 ga Janairu, 1939, ba sunan Meitner, don a Jamus ta lokacin ba a sa sunan Bayahudiya mai gudun hijira. Ta Meitner da Frisch ta fito a mujallar Nature a 11 ga Fabrairu. Mai karatu, riƙe wannan a ranka, za mu dawo gare ta.

Yanzu ga tambaya ta farko ga masu tatsuniya. Wa ya kai wa sojojin Hitila labarin cewa wannan abu zai iya zama makami? Shin 'yan Gestapo ne suka tsare masanan da bindiga? Ko kusa. A Afrilu 1939, wata huɗu da 'yan kwanaki kafin a fara yaƙi, Farfesa Paul Harteck na Hambog da mataimakinsa Wilhelm Groth suka ɗauki alƙalami da kansu suka rubuta wa ma'aikatar yaƙi, suna jawo hankalinta cewa ga hanyar haɗa nakiyar da ta fi duk wadda aka sani, kuma ƙasar da ta riga samu za ta yi wa saura fintinkau. A Satumba 1939 sashen makamai na soja ya karɓi aikin, ya ɗora Kurt Diebner a kai, aka kafa abin da ake kira Ƙungiyar Yuraniyam. Jamus ce ƙasa ta farko a duniya da sojojinta suka buɗe shirin nukiliya. Werner Heisenberg, wanda ya ci lambar Nobel ta 1932, ya dawo daga ziyarar Amurka 'yan makonni kafin nan, inda Fermi da wasu suka roƙe shi ya zauna, ya ƙi. A Disamba 1939 ya miƙa wa soja rahoto yana bayyana cewa in aka tace yuraniyam mai lamba 235 za a sami abin fashewa da ya ninka mafi ƙarfin nakiya sau dubbai. Mai son ɓoye sirri haka yake yi?

Hanyoyin bom biyu ne. Ko dai a tace wannan nau'i na 235, wanda bai kai kashi 1 cikin 100 na yuraniyam ɗin da ake haƙowa ba, ko kuma a gina tukunyar nukiliya wadda za ta haifar da wani sabon sinadari, wanda yau muke kira fulutoniyam. A Yuli 1940 Weizsäcker, wannan dai ungozoma tamu, ya rubuta wa soja rahoto yana nuna hanya ta biyu. A 1941 ya tsara takardar neman a yi masa rajistar haƙƙin mallakar dabarar, har da maganar amfani da ita a bom. Takardar ta kwanta a ma'ajiyar Rasha shekaru da dama kafin masana tarihi su tono ta. To don Allah, mutumin da ya ƙi abu saboda aƙida yana neman a rubuta cewa shi ne mai abin? Wannan fa ɗan Ernst von Weizsäcker ne, na biyu a ma'aikatar harkokin wajen Hitila, wanda kotun Nurambag ta ɗaure a 1949. Har a wasiƙar da Einstein ya sa wa hannu zuwa ga Shugaba Roosevelt a Agusta 1939 an ambaci ɗan, a matsayin dalilin da ya kamata Amurka ta farka.

A Satumba 1941, lokacin da sojojin Jamus ke tunkarar Masko kuma kowa na ganin yaƙi ya ƙare, Heisenberg da Weizsäcker suka je Kwafanhegan, a Danmak da ke ƙarƙashin mamaya, don yin lacca a wata cibiyar yaɗa al'adun Jamus. Heisenberg ya keɓe da tsohon malaminsa Niels Bohr. Bayan yaƙi ya riƙa nuna cewa wai ya je ne don neman masanan duniya su haɗa kai su ƙi yin bom. Bohr bai ce komai a fili ba har ya mutu a 1962, amma ya bar wasiƙun da ya rubuta wa Heisenberg bai aika ba. A Fabrairu 2002 iyalinsa suka fito da su. A ciki Bohr ya ce yana tuna maganar sarai: baƙin nasa sun nuna tabbacin Jamus za ta ci yaƙi, kuma abin da ya fahimta daga Heisenberg shi ne ana yin duk abin da za a iya a Jamus, ƙarƙashin jagorancinsa, don samar da makamin. A 1943 kuma Heisenberg ɗin nan ya je Karako ta Folan ya sauka a matsayin baƙon Hans Frank, gwamnan da aka rataye bayan yaƙi saboda kisan miliyoyin mutane. Tafiyar kilomita 60 zuwa 70 ce daga nan zuwa Auschwitz.

Kada kuma mu manta da hannayen da suka sarrafa ƙarfen. Da Jamus ta mamaye Beljiyam a 1940 ta ƙwace tarin yuraniyam na kamfanin Union Minière, wanda 'yan Kwango suka haƙo a Shinkolobwe cikin wahalar mulkin mallaka. Daga wannan rami ne dai Amurka ta sami mafi yawan abin da ta haɗa bom ɗin Hiroshima. A masana'antar Auer da ke Oranienburg, inda ake tace yuraniyam don gwaje-gwajen masanan, an yi amfani da fursunoni mata daga sansanin Sachsenhausen a aikin tilas. Ba a taɓa jin Ƙungiyar Yuraniyam ta mayar da kaya ta ce da jini a jiki ba.

To me ya hana su? Dalilan suna nan a fili, kuma babu tausayi a cikinsu. Na farko, sun kori kawunansu da hannunsu. Dokar Afrilu 1933 ta fitar da Yahudawa daga aikin gwamnati, aka yi asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masanan fiziks na ƙasar: Einstein, Max Born, James Franck, Hans Bethe, Leo Szilard, Edward Teller, da Frisch, da Rudolf Peierls. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne a Maris 1940, a Bamingam, suka lissafa a 'yan shafuka cewa abin da bom ke buƙata kilo-kilo ne, ba tan-tan ba, kuma wannan lissafi ne ya tayar da Ingila, ita kuma ta tayar da Amurka. Sauran da suka rage a Jamus suka hau kujerun waɗanda aka kora, suka yi shiru. Heisenberg kansa da jaridar dakarun SS ta zage shi a 1937 saboda koyar da ilimin Einstein, bai yi zuciya ya bar ƙasar ba. Mahaifiyarsa ce ta je ta ga mahaifiyar Himmler, aka yi bincike, Himmler ya wanke shi a Yuli 1938 da sharaɗin ya daina ambaton sunayen Yahudawa yadda ya saba.

Na biyu, kuskuren gwaji. Tukunyar nukiliya na buƙatar abin da zai rage gudun nitiron, ko dai girafayit, baƙin abin nan na cikin fensir, ko ruwa mai nauyi. A farkon 1941 Walther Bothe ya auna girafayit ya ce ba zai yi ba, alhali ƙazantar sinadarin boron ce a cikin wanda ya gwada. Szilard, wanda suka kora, ya gane wannan matsala a Amurka, ya bi masana'antu har aka yi masa mai tsabta, kuma da shi Fermi ya kunna tukunya ta farko a duniya a Chikago, ran 2 ga Disamba, 1942. Jamusawa kuwa suka rataya rayuwarsu a kan masana'anta guda ta ruwa mai nauyi, a Vemork ta Nowe. 'Yan gwagwarmayar Nowe suka fasa ta a Fabrairu 1943, jiragen Amurka suka yi mata ruwan bama-bamai a Nuwamba, sannan a Fabrairu 1944 aka nutsar da jirgin ruwan da ya ɗauko ragowar.

Na uku, hassada da girman kai. Ƙungiyar Heisenberg na raina ta Diebner, kowa na ɓoye nasa yuraniyam da nasa ruwan. Gwajinsu na ƙarshe a Haigerloch, a wani kogon ajiye giya a ƙarƙashin coci, an rataya dunƙulen yuraniyam 664 cikin ruwa mai nauyi, tukunyar ba ta kama ba. Wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna akwai wasu dunƙulen kusan 400 a hannun ɗaya ɓangaren, waɗanda da an haɗa da sun cike giɓin yuraniyam ɗin. Na huɗu, bayan an taka wa Jamus birki a ƙofar Masko a Disamba 1941, gwamnati ta ce ba ta son makamin da ba zai fito cikin watanni ba. A Yuni 1942 suka zauna da ministan makamai Albert Speer. An ruwaito cewa da wani babban hafsa ya tambayi girman bom ɗin da zai rushe birni, Heisenberg ya nuna da hannu, kamar abarba. Amma da aka zo maganar kuɗi sai suka nemi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Nan ne masu kare su ke kafa hujja: ai ga shi, sun nemi kuɗi kaɗan da gangan. To ai Heisenberg da bakinsa ya ba da amsa a Farm Hall, inda ya ce a bazarar 1942 ba su da ƙarfin halin da za su shawarci gwamnati ta zuba mutum 120,000 a kan aikin. Kowa ya san makomar wanda ya yi wa Hitila alkawarin makami ya kasa cikawa. Wannan tsoron wuya ne, kuma ban ga laifin mai tsoron wuyansa ba, sai dai kada ya zo daga baya ya ce mana waliyyi ne. Amurka ta kashe kusan dala biliyan 2, da ma'aikata wajen 130,000 a lokacin da aikin ya kai ƙololuwa. Jamus ma ta zuba irin wannan dukiya, amma a kan rokar V-2, don su Wernher von Braun sun yi alkawari da babbar murya, kuma dubban fursunoni suka mutu wajen ƙera ta.

Mu zo daren haihuwa. Dab da faɗuwar Jamus, tawagar Alsos ta kama masanan. Shugaban kimiyya na tawagar, Samuel Goudsmit, tsohon abokin Heisenberg ne, kuma an kashe iyayensa a Auschwitz. Aka kai mutum 10 Farm Hall daga 3 ga Yuli, 1945, zuwa 3 ga Janairu, 1946: Hahn, Heisenberg, Weizsäcker, Max von Laue, Walther Gerlach, Harteck, Diebner, Karl Wirtz, Erich Bagge da Horst Korsching. An dasa makirfo ko'ina a gidan. Diebner ya yi zargin haka, Heisenberg ya yi dariya ya ce Ingilishi ba su kai nan a wayo ba. Ba a saki bayanan da aka naɗa ba sai a 1992, shekara 47 bayan nan.

Da labarin Hiroshima ya iso, Hahn ya kiɗime ƙwarai, yana ganin jinin mutane a wuyansa, har aka ji tsoron zai kashe kansa. Wannan na yarda da shi, kuma ina girmama shi a kai. Saura fa? Heisenberg ya ce ƙarya ce, ba yadda za a yi Amurkawa su iya, yana ta lissafin tan-tan na yuraniyam, alhali bom ɗin Hiroshima kilo 64 ne a cikinsa. Sai bayan mako guda, ran 14 ga Agusta, ya kawo lissafin da ya yi kusa da daidai. Hahn ya dube su ya ce ashe ku 'yan sahu na biyu ne. Gerlach, shugaban shirin na ƙarshe, ya shige ɗaki yana kuka kamar janar ɗin da aka ci da yaƙi. Korsching ya ce Amurkawa sun iya haɗin kai, su kuwa kowa na cewa ɗan'uwansa ba komai ba ne. Cikin wannan hayaniya Weizsäcker ya jefo maganarsa: ai dalilin da ba mu yi ba shi ne ba mu so ba, bisa aƙida, da mun so Jamus ta ci yaƙi da mun yi. Nan take Hahn ya ce bai yarda da haka ba, amma ya gode da ba su yi nasara ba. Washegari Weizsäcker ya ƙara gishiri, ya ce tarihi zai rubuta cewa Amurka da Ingila sun yi bom, Jamus ta Hitila kuwa ta yi injin zaman lafiya. Wane inji? Wanda bai taɓa kamawa ba, alhali na Fermi ya kama tun shekara biyu da wata takwas baya?

Wasu masana tarihi na cewa Heisenberg ya san adadin gaskiya tun 1942, suna kafa hujja da abarbar nan da wani rahoton soja na shekarar da ya ambaci kilo 10 zuwa 100. To, su zaɓa. In ya sani, ga shi ya nuna wa hafsoshin Hitila da hannunsa. In bai sani ba, kasawa ce. Ta kowace ƙofa aka shiga, ba a tarar da waliyyi a ɗakin.

Akwai shaida daga cikin gida. Von Laue, wanda bai shiga aikin yuraniyam ba kuma aka san shi da tsayawa 'yan Nazi a gaba, ya rubuta wa abokinsa Paul Rosbaud a 1959 cewa a teburin cin abinci na Farm Hall aka ƙera wannan riwaya, Weizsäcker ne jagora, Heisenberg yawanci shiru yake, kuma shi bai ji an ambaci wata maganar ɗa'a ko imani ba. Me ya sa ya rubuta haka? Saboda a 1956 ɗan jarida Robert Jungk ya fitar da littafin da ya ɗauki riwayar ya yi mata ado, aka fassara shi harsuna da dama, aka sayar kamar ƙosai. Jungk, wanda shi kansa Bayahude ne da ya yi gudun hijira, ya ce daga baya an yaudare shi. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A 1993 Thomas Powers ya sake farfaɗo da ita a wani babban littafi, a 1998 Michael Frayn ya gina wasan kwaikwayonsa a kan ziyarar Kwafanhegan. Wasa ne mai kyau, ba musu. Sai dai mai kallo na fita yana tausayin Heisenberg, ya manta cewa ɗayan mutumin, Bohr, ƙasarsa ce aka mamaye, kuma a 1943 sai da ya tsere cikin dare a kwale-kwale don mahaifiyarsa Bayahudiya ce.

Na ce a riƙe Meitner a rai. A takardar bayanin da mutanen Farm Hall suka tsara suka sa wa hannu kwana biyu bayan Hiroshima, an rubuta cewa Hahn da Strassmann ne suka gano rabewar cibiyar zarra, ita kuwa ta bar Barlin wata shida kafin nan, ba ta da hannu. Ba a faɗi abin da ya fitar da ita ba. Ka ga a takarda ɗaya aka wanke masu laifi aka kuma shafe wadda aka zalunta, don ƙaryar farko ba ta tsayuwa sai da ta biyu: in ana son a nuna ilimin Jamus mai tsarki ne wanda siyasa ba ta taɓa ba, dole a ɓoye Bayahudiyar da aka kora daga tsakiyarsa. A Nuwamba 1945, yana tsare, aka sanar Hahn ya ci lambar Nobel ta sinadarai ta 1944, shi kaɗai. Har ya mutu yana cewa aikin na masu sinadarai ne, fiziks ba ta taimaka ba. An gabatar da sunan Meitner ga kwamitin Nobel fiye da sau 40, ba a ba ta ba. Shekaru da dama teburin gwajin yana gidan tarihi na Munik da sunan Hahn a jiki, ita ana kiranta 'yar taimakonsa.

Ita ce kuma ta faɗa musu gaskiya. A Yuni 1945 ta rubuta wa Hahn wasiƙar da ba ta isa hannunsa ba, tana cewa dukanku kun yi wa Jamus ta Nazi aiki, ba ku ko gwada ƙin yarda cikin lumana ba, kun taimaki mutum ɗaya nan ɗaya can don ku lallashi zuciyarku, miliyoyi kuwa aka kashe ba wanda ya ɗaga murya. Ba ta bar kanta ba, ta ce zamanta a Jamus daga 1933 zuwa 1938 kuskure ne babba. An gayyace ta aikin bom na Amurka, ta ce ba ruwanta da bom. Haka ƙi yake: a tambaye ka, ka ce a'a, a rubuta. Joseph Rotblat ya tattara kayansa ya bar Los Alamos a ƙarshen 1944 da ya ji Jamus ba ta da bom. Franck da abokansa sun rubuta rahoto a Yuni 1945 suna cewa kada a jefa shi kan birni ba gargaɗi. Szilard ya tara hannun masana 70 a takardar koke zuwa ga Shugaba Truman. Strassmann ya ƙi shiga ƙungiyoyin Nazi har ya sha talauci, kuma a 1943 shi da matarsa suka ɓoye wata Bayahudiya a gidansu, da ƙaramin yaro a hannunsu. Kowannensu akwai takarda, akwai rana, akwai farashin da ya biya. Ina takardar Weizsäcker? Wadda muke da ita ta neman haƙƙin mallaka ce.

Ba na hana su abin da suka cancanta. A Afrilu 1957 masana 18, ciki har da Hahn da Heisenberg da Weizsäcker, suka fito fili a Göttingen suka ce ba za su taɓa aikin makamin nukiliya ba, lokacin da gwamnatin Adenauer ke sha'awarsa. Abu ne mai kyau. Sai dai cewa a'a ga Adenauer ba ta kai mutum gidan yari, kuma ba ta komawa baya ta zama a'a ga Hitila. Weizsäcker ma da girma ya zo masa ya sassauta, ya ce ba su ƙulla wata yarjejeniyar ƙi ba, rahamar Ubangiji ce ta sa abin ya fi ƙarfinsu. Da ya faɗi haka tun 1945, da ban ɓata tawada ba.

Mutum wajen 140,000 suka mutu a Hiroshima kafin ƙarshen 1945, wasu 70,000 a Nagasaki. Wannan alhaki na kan waɗanda suka ƙera da waɗanda suka ba da umarni, ba mai sauke musu. Amma kada a yi amfani da gawarwakin Japanawa a wanke rigar mutanen da suka yi wa Hitila hidima shekara shida suka kasa. Ga marubuci kuma, darasin Jungk ya isa: babban mutum mai lambar yabo da taushin murya ya fi kowa iya ba ka labarin kansa, kuma in ka ɗauka ba ka tona ba, kai ne za ka zama jakin ɗaukar kayansa.

Hahn da Meitner sun mutu a shekara ɗaya, 1968, shi a Yuli, ita a Oktoba. A 1997 hukumar sinadarai ta duniya ta tabbatar wa sinadari mai lamba 109 sunan Meitner. Sunan Hahn da aka daɗe ana neman a sa wa wani sinadarin, ba a amince da shi ba. Masu iya magana suka ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan dai ta daɗe tana fure, lokaci ya yi da za mu daina yi mata ban-ruwa. Allah ya kyauta.